Rezar Maigida: Yadda Na Zama Tela Bayan Na Gama Digiri

Tun da na buɗe shago, da wuya wata ya wuce ba a kawo mini wani saurayi da ya gama bautar ƙasa ba, a ce yana so ya koyi ɗinki, in nuna masa ta inda zai fara. Tambayoyinsu ba sa canzawa: shekara nawa ake yi, wace takarda ake nema, ina ake rajistar suna. Duk zan amsa su a nan yadda na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai akwai tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini, ita ce kuwa ta kusa fitar da ni daga sana'ar tun ban kama hanya ba: yaya mutum zai yi ranar da aka ɗaga aikin da ya wuni a kansa, aka ce masa bai yi ba, ya warware?

Na karanta tattalin arziki a Jami'ar Bayero, na gama bautar ƙasa a farkon 2020. Sabon alawus na naira 33,000 da ya maye gurbin 19,800 wata biyu kawai na ci aka sallame mu. Na dawo gida Gwammaja da takardu a jaka da ɗan abin da na tara, ina lissafin banki ko kamfani. Kafin in gama raba takardun neman aiki korona ta iso, a watan Afrilu aka kulle Kano, kowa ya zauna a gida. A zaman nan ne ƙanin mahaifiyata, wanda ke sayar da yadi a Kantin Kwari, ya fara yi mini maganar ɗinki. Ya ce tun ina yaro ya lura idona yana ganin karkata, ko hoto aka rataye a bango ba daidai ba sai na tashi na gyara. Na ce, “Kawu, shekara huɗu a jami'a, sannan in koma taka keke?” Bai yi gardama ba. Ya ce, “To, Allah ya kawo aikin.” Aikin bai zo ba. Na je ganawar neman aiki sau uku, na sayi data ta cike fom har kuɗin bautar ƙasa suka ƙare, na koma roƙon Hajiyarmu kuɗin A Daidaita Sahu. A watan Oktoba da ƙafata na je Kwari na same shi, na ce ya kai ni.

Fagge ya kai ni, wurin wani dattijon tela da suka daɗe suna hulɗa, shago mai ƙofa biyu da kekuna shida. Ga wanda bai san tsarin ba, koyon sana'a a cikin gari ba kamar makaranta ba ne. Babu fom, babu rasit. Wani babba naka ne zai kai ka, ya damƙa ka, shi ne kuma za a nema in ka yi ba daidai ba. Kawu ya riƙe goro ya kai, aka gaisa, aka yi addu'a. Maigida bai karɓi kuɗin koyo ba, ya dai ce in zo da almakashina, da tef na awo, da alli, da reza. Na ɗauka rezar ta yanke zare ce. Da Kawu ya ambaci digirina, sai maigida ya dube ni ya ce, “Madalla. A nan dai ba ya ɗinka ko maɓalli, ka ajiye shi a gida, ranar da za a buƙace shi zan gaya maka.” Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta tsaya mini a wuya har na kwanta.

Wata biyun farko ban hau keke ba. Shara da safe, goge kekuna da ɗiga musu mai, hura gawayi a dutsen guga in babu wuta, sai aike. Kwari a kusa take, don haka a wuni sai in shiga sau huɗu: zare kalar kaza, maɓalli, gam ɗin wuya, shafi. A nan na fara shan gyara. Sai in kawo zare, babban yaron shago ya ɗora shi a kan yadin ya fita da shi rana, ya ce bai hau ba, in koma. Yaron nan na girme shi da shekara biyar, a aji uku na sakandare ya tsaya, amma shekararsa takwas a shagon. Yana kirana “Malam ɗan boko”. Kullum maigida yana ba mu naira 300 ta abinci, ranar da aka yi ciniki ya ƙara. Ban taɓa gaya wa abokan karatuna inda nake wuni ba; in sun tambaya sai in ce ina taimaka wa Kawu a kasuwa.

Da aka ba ni keke, da takarda na fara, babu zare a allura, in bi layin da aka zana har hudar ta miƙe. Daga nan ƙyalle, sannan kalmasa, sannan ƙubakar wando. A wata na huɗu aka ba ni wando cikakke da aka riga aka yanka, aka ce in haɗa. Na wuni a kansa, na goge, na ninke, na kai wa maigida ina jiran yabo. Ko kallon wajen bai yi ba. Ya juya shi ciki waje, ya ja hantsar da hannu biyu, ya bi ɗinkin gefe da ɗan yatsa, sai ya miƙo mini reza. Ya ce, “Warware.” Na ce, “Baba, ina ne ya ɓaci?” Amma ba da muryar mai tambaya na faɗa ba, da muryar mai musu ce, shi ma ya ji hakan. Ya ce, “In ka warware za ka gani.” Na warware, na sake. Ya sake miƙo reza. A karo na uku babban yaron shago ya ce, a gaban wani mai kawo ɗinki, “Malam ɗan boko, wannan ko almajiri aka ba shi sadaka sai ya dawo da shi.” Na ajiye wandon a kan keke, na ɗauki hulata na fita.

Kwana tara na yi ban koma ba. A gida na ce maigida ya yi tafiya. Hajiya ba ta ce komai ba sai a rana ta takwas, bayan Kawu ya kira ta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Ɗan nan, lokacin da kake makarantar allo, in ka yi rubutu malam ya ce ka wanke, kuka kake ko wankewa kake?” Na ce ai wannan daban, yaron nan cin fuska yake mini. Ta ce, “To wandon fa, daidai yake?” Na yi shiru, domin a cikin kwana taran nan duk abin da na yi ta juyawa a raina maganar yaron ce, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko wandon daidai yake ba. Washegari Kawu ya mayar da ni. Na durƙusa na ba da haƙuri. Maigida ya ce, “Wandonka na nan yana jiranka.” A kan keken na same shi, babu wanda ya taɓa. Wannan karon na ɗauka na je wurin babban yaron, na ce, “Don Allah nuna mini.” Ya shimfiɗa shi a tebur, sai ga abin a fili: ina jan yadin sama da hannu lokacin da nake takawa, na ƙasa kuma haƙoran keke suna tafiya da shi yadda suka saba, sai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya da kusan rabin inci, ɗinkin gefe ya murɗe. Minti biyu bayanin ya ɗauka. Ni kuwa na biya shi da kwana tara.

Daga ranar na sayi littafi mai shafi tamanin na sa masa suna littafin gyara. Duk abin da aka ce in warware sai in rubuta kwanan wata, da abin da ya ɓaci, da dalili. Duk kayan da aka dawo da su shagon, ko ba ni na ɗinka ba, sai in rubuta: wuya ya matse, hannu ya yi gajere bayan wanki, aljihu ya karkace, maɓalli bai yi daidai da hudarsa ba. 'Yan shago suka mai da ni abin tsokana, wai ga mai bincike. Bayan wata shida na nuna wa maigida cewa yawancin kayan da ake dawowa da su saboda wuya ne, kuma galibinsu na waɗanda aka yi musu awo da tsohuwar riga ne, ba a jikinsu ba. Ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa, sai ya ce, “To, ka ga ranar digirin ta zo.” Ban sake jin wani yabo daga bakinsa ba sai ranar yaye.

Yanka shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba a gaggawar ba wa yaro, domin ɗinki in ya ɓaci reza na gyarawa, yanka in ya ɓaci sai kasuwa. A azumin 2022 aka fara barina ina yanka, saboda aiki ya yi yawa. Wanda bai taɓa kwana a shagon tela a goman ƙarshe ba, ba zai gane ba. Ana tashi daga tarawi a hau keke, a yi sahur a kan tabarmar shago, zafin Afrilu ga hayaƙin janareta. A irin wannan dare aka ba ni shadda Getzner yadi biyar ta wani Alhaji, kaftani da wando. Tun ranar farko maigida yake cewa kafin a sa almakashi a shadda a duba fuska da baya, a duba inda zanen ya kalla, a yi alama da alli a kan kowane yanki. Ni kuma a lokacin na fara jin kaina, na daina yin alamar, wai idona ya isa. Na yanka hannu ɗaya zanen yana kallon ƙasa, ɗayan yana kallon sama. A hasken ƙwai ba a gani. Da gari ya waye aka fito da rigar ƙofar shago, sai ga hannaye biyu kamar ba daga yadi ɗaya suka fito ba.

Na so a rufe, na ce ai sai wanda ya ƙura ido zai lura. Maigida ya ce, “Mutumin da ya sayi wannan shadda, ƙura ido ya yi kafin ya saya.” Ya sa ni da bakina na kira Alhajin na gaya masa. Ya zo bayan la'asar, ya faɗi abin da ya faɗa, har da cewa an ba 'yan koyo kayansa suna wasa. Ina tsaye kaina a ƙasa, zuciyata na tafasa, amma wannan karon na san rigar ba daidai take ba. Na ce, “Alhaji, laifina ne, ni na yanka.” Muka shiga Kwari ni da Kawu muka yi ta neman irin zanen, da ƙyar muka samu yadi ɗaya a shago na bakwai. Maigida ya biya rabi, ni na biya rabi daga kuɗin sallar da za a ba ni, wanda hakan ya sa na yi wannan sallar da tsohon kaya. Har yau ba na sa almakashi a ko da ƙyallen ɗaurin kai ba tare da alamar alli ba.

A watan Disamba na 2022 aka yaye ni, shekara biyu da wata biyu. Aka yi 'yar walima a ƙofar shago, maigida ya sa mini albarka, ya ba ni tsohon keke baƙi na ƙafa. Shi ne ya ce in nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake kira Trade Test, ko da wata rana za a nemi tela a wani wuri na gwamnati ko a yi kwangilar kayan makaranta. Matakinta uku ne, ana farawa daga na uku, sai na biyu, na ɗaya shi ne mafi girma. Zuwana na farko ofishinsu na Kano a banza na yi shi, kuma ni na jawo, domin babban yaron shagonmu ya gaya mini in tafi da wasiƙa daga maigida da ke nuna tsawon lokacin da na yi ina koyo, na ce ai in sun ga digiri ya wadatar. Jami'in ya duba digirin ya miƙo mini, ya ce, “Malam, wannan na tattalin arziki ne, mu shaidar ɗinki muke nema.” Na koma Fagge, na rubuta wasiƙar da hannuna, aka buga a shagon kwamfuta, maigida ya sa hannu. Ku tafi da ita, da hotunan fasfo, da katin shaidar ɗan ƙasa, da kwafin kowanne. Kuɗin kuma ta Remita, wato tsarin da ake biyan kuɗin gwamnati da shi, ake biya a kawo shaidar biya, kada ku damƙa wa wani a bakin ƙofa don ya ce zai taimaka. Ni na faɗo a lokacin canjin kuɗi na farkon 2023, bankuna sun cika maƙil, na yi wuni guda a layi kafin in biya.

Bayan makonni aka kira mu gwaji. Akwai tambayoyi a kan sassan keke da awo da kula da kayan aiki, sannan a ba ka aiki ka yi a gabansu. Mai gwajin ya ɗaga abin da na ɗinka, ya juya shi ciki waje, abin ya ba ni dariya a raina domin daidai yadda maigida yake yi. Ya ce ɗinkin ya miƙe, amma tazarar da na bari a ciki ta yi kaɗan, in mai kaya ya ƙara jiki babu abin da za a buɗe. A Fagge haka muke yi don tattalin yadi. Da a 2021 ne, da na tsaya ina kare shagonmu. Na ce, “Yallaɓai, nawa ya kamata a bari?” Ya nuna mini a tef. Na ci gwajin, takardar ta fito bayan jira mai ɗan tsawo, kuma tun daga nan nake barin tazarar da ya nuna, musamman a kayan yara da na angwaye.

Rajistar suna a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a intanet na yi ta, ban je ofis ba. A lokacin ana fara ba da suna biyu a duba ko wani bai riga ka ba, kuɗin dubawar naira 500 ne, in an amince a ajiye maka sunan kwana sittin. Rajistar kanta naira 10,000 ce a lokacin, an yi ƙari daga baya, don haka ku duba farashin yanzu. Ana buƙatar lambar NIN, hoto, sa hannu, da adireshin shago. Sunayena biyu na farko duk an dawo da su saboda sun yi kama da na wasu. Matata, a lokacin muna neman aure, tun farko ta ce sunayen Turanci ne masu tsawo da ko Hajiya ba za ta iya faɗa ba, in sa sunan da mutanen unguwa ke kirana da shi. Na ƙi, sai da na yi asarar kuɗin dubawa sau biyu sannan na bi maganarta, aka amince a kwana biyu. Da takardar na buɗe asusun kasuwanci a banki, abin da ya cece ni a watannin da babu takardar kuɗi a hannun kowa, domin kowa tura kuɗi yake.

Shago a Dorayi na kama. Na so bakin titi, maigida ya ce tela ba mai shayi ba ne, ba wanda ke wucewa ya tsaya ɗinki don ya hango ka, bakin mutane ne ke kawo shi. Na shiga layi na biyu, hayar ba ta kai rabin ta bakin titi ba. Ku sa kuɗin dillali a lissafinku, kashi goma ne a kan hayar, kuma ku nemi a rubuta yarjejeniya da shaidu ko da mai shagon ɗan uwanku ne. Kawu ya ranta mini kuɗin keke mai mota na hannu da ƙaramin janareta, wibin kuwa, wato ɗinkin da ke kame bakin yadi kada ya zare, sai in kai maƙwabta in biya.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da babba ya faɗa na bi. Maigida ba ya son ɗaukar hoton ɗinki a sa a waya, yana ganin tallan kai ne, kuma wasu za su kwaikwayi aikin. Ba ya kuma karɓar kafin alƙalami daga wanda ya sani, wai kunya. Na saurare shi har ƙarshe, na yi godiya, amma a waɗannan biyun ban bi shi ba. Shi ya yi suna tun kafin a haife ni, ni kuwa babu wanda ya san ni a Dorayi; hotunan da nake sawa a WhatsApp da Instagram su suka kawo mini mutum goman farko. Littafin gyara kuma ya nuna mini yawan kayan da ke kwance a shagonsa shekara da shekaru ba a zo an karɓa ba. Ni sai an ba da rabi nake yanka. Da na gaya masa dalilina bai yarda ba, bai kuma yi fushi ba, ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shawarar maigida da na ƙi bi na yi nadama ita ce ta azumin 2023. Ya ce in ƙirga abin da nake iya gamawa a rana, in ninka da kwanakin da suka rage, in cire kwana biyar na rashin wuta da lalacewar keke, in rufe karɓa tun goma ga wata. Ni ga haya, ga bashin Kawu, ga aure a gaba, duk wanda ya kawo sai in ce ajiye. Ranar jajibirin salla akwai kaya tara da ko yankawa ban yi ba. Na kashe waya, wanda shi ne mafi munin abin da na yi. Bayan salla ɗaya daga cikin masu kayan ya sa hoton shagona a Facebook ya rubuta abin da ya rubuta, mutane suka yi ta tofa albarkacin bakinsu a kan alƙawarin tela. Wasu maganganun ƙarya ne, har da mai cewa na saba sayar da yadin mutane. Na rubuta doguwar amsa mai zafi, kafin in tura na nuna wa maigida. Ya sa aka karanta masa, ya ce, “Cikin duk abin da ya faɗa, wanne ne gaskiya?” Na ce bai samu kayansa ba, kuma na kashe waya. Ya ce, “To wannan za ka amsa, sauran ka bar wa masu shi.” Na goge, na rubuta layi uku: na amsa laifina, na ba da haƙuri, na faɗi ranar da zan kai. Na bi gidaje taran nan da kaina, na mayar wa kowa kuɗin ɗinkinsa. Huɗu sun dawo, biyar ban sake ganinsu ba.

Wata guda bayan haka, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A nan ne karatun da aka ce in ajiye a gida ya yi rana sosai. Na zauna na fitar da abin da kowace riga ke ci na mai, zare, gam, wibin, guga da haya, na ga a tsohon farashi kyauta nake ɗinki. Na ƙara kuɗi na yi wa kowa bayani. Wannan karon maigida ne ya aiko babban yaronsa, wanda ya taɓa cewa almajiri ma ba zai karɓi wandona ba, ya zo Dorayi in yi musu irin lissafin. Mun yi shi a bayan littafin gyara muna shan shayi. Har yanzu Malam ɗan boko yake kirana.

Ga masu shirin shiga, abin da na tsinta a wannan tafiya shi ne mafi yawan gyara ba ya zuwa a cikin ladabi. Mai yi maka shi a gajiye yake, ko ransa a ɓace, ko dai haka bakinsa yake. In ka ce sai an tausasa murya za ka ji, to kaɗan za ka ji. Abin da nake yi yanzu, in an soki aikina, sai in ɗauko kayan in shimfiɗa a tebur in sa tef, domin tef ba ya cin fuska kuma ba ya jin kunyata. In maganar ta tabbata, ta shiga littafi. In ba ta tabbata ba, na yi godiya na wuce. Ina kuma duba wanda ya yi maganar: a kan ɗinki ina jin wanda ya fi ni daɗewa a keke ko yaro ne, a kan yadda riga ta zauna a jiki ina jin mai rigar ko bai san allura ba, a kan ko sana'ar ta dace da mai digiri kuwa na daina jin kowa, tunda masu wannan magana ba su taɓa ciyar da ni ba. Sannan ba na amsa suka a ranar da aka yi ta, in ba ban haƙuri ba ne.

Akwai ɓangaren da ban iya ba tukuna. Yanzu ina da yara uku a shago. Kwanakin baya ƙaraminsu, wanda mahaifinsa ya kawo mini daga Kurna, ya haɗa wuyan riga a karkace. Akwai mutum biyu a zaune suna jiran awo. Na juya rigar ciki waje, na miƙa masa reza, na kuma ƙara da wata magana da na ɗauka wasa ce, mutanen suka yi dariya. Washegari bai zo ba. Matata ta ce ni da na sha wannan, ni ya kamata in fi kowa sanin a ja yaro gefe, kuma maigidana duk tsananinsa reza kawai yake miƙawa, bai taɓa haɗawa da ba'a ba. Na fara kawo mata hujja, sai na ji muryata irin ta ranar wandon nan, na yi shiru. Ranar Juma'a bayan masallaci na je Kurna na samu mahaifinsa, na kuma nemi a kira yaron na ba shi haƙuri a gabansa. Uban ya ce zai turo shi ranar Asabar. Asabar biyu ke nan. Almakashinsa na cikin durowar keke na uku, rigar kuma na hana kowa ya taɓa ta.